Muƙala Ba Kirari Ba Ce: Salon Rubutu da Ladubban Zama da Editoci a Wikipedia

Wanda ya saba da jawabin taro ko rubutun ta'aziyya, abin da zai fara ba shi wahala a Wikipedia shi ne ba a yi wa kowa kirari. Ba a kiran mutum gwarzo, haziƙi ko gatan marayu, ko da duk garin sun shaida hakan. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe kundin a ranar 15 ga Janairun 2001, aikin iri ɗaya ne: a faɗi abin da majiyoyi amintattu suka wallafa, da muryar da ba ta goyi bayan kowa ba, sannan a bar rubutun a fili wani ya zo ya gyara. Yawancin ƙa'idojin salo da na mu'amala daga nan suka tsiro.

Sunan shafi da jimlar farko

Kafin ka buɗe sabon shafi, bincika ko akwai shi da wani salon rubutu. Sakkwato da Sokoto, Zariya da Zaria, Damagaram da Zinder: irin waɗannan ne ke sa a wayi gari da muƙala biyu a kan abu ɗaya, kowacce rabi-rabi. Idan ka tarar da ɗaya, ɗaya sunan sai ka mai da shi manuni, wato shafin da ba komai a cikinsa sai layin #REDIRECT [[Sakkwato]].

Sunan muƙala shi ne sunan da aka fi sanin mutum ko abu da shi, babu laƙabi. Alhaji, Hajiya, Dakta, Farfesa, Mai Girma, Marigayi, duk a ajiye su. Wannan ba raini ba ne. Laƙabi yana sauyawa, Dakta ya zama Farfesa, Mai Girma ya sauka daga kujera, kuma duk sauyi sai ya ja gyaran mahaɗai a shafuka da dama. Sarauta da digiri a jikin muƙala ake ambatonsu: shafin yana ɗauke da sunan Ahmadu Bello, a ciki sai a bayyana cewa shi ne Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa.

Jimlar farko ta faɗi wane ne, yaushe ya rayu, da me aka san shi. Sunan yana zuwa da kauri sau ɗaya tak, ta hanyar sa waƙafin sama guda uku a kowane gefe: '''Aminu Kano''' (1920–1983) ɗan siyasar Najeriya ne da ya jagoranci jam'iyyar NEPU, daga baya kuma PRP. Idan kana son mai karatu ya san matsayinsa a zukatan talakawa, kada ka yanke hukunci da bakinka. Faɗi wanda ya yi masa wannan shaidar, ka kawo inda aka rubuta. Yabo da suka duk haka ake shigar da su, kowanne a jingine da mai shi.

Idan sunan shafi ya zo da kuskure, akwai maɓallin sauya masa suna, kuma shi ake amfani da shi. Kwafe rubutun a liƙa a sabon shafi yana yanke tarihin gyare-gyare, alhali lasisin CC BY-SA da Wikipedia ke aiki da shi ya wajabta a san wanda ya rubuta me.

Ƙa'idar rubutun Hausa

Nan ne muƙaloli da yawa ke tuntuɓe. Haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne: kare daban, ƙare daban, kasa daban, ƙasa daban, "da sarki" ba "ɗan sarki" ba ne. Allon rubutun waya yana da tsarin Hausa idan an kunna shi, kuma editan gani na Wikipedia, wato manhajar gyara da ke nuna shafi yadda mai karatu zai gan shi, yana da wurin zaɓo haruffa na musamman. A Najeriya an fi rubuta 'y, a Nijar kuma ƴ. Duka biyun daidai ne. Wanda ka tarar a muƙala shi za ka bi, kada ka zagaya kana juya na wasu zuwa naka.

Sai rabawa da haɗewa. "Yana" da "suna" a haɗe suke, "shi ne" da "ita ce" a rabe. "A kan tebur" daban yake da "akan yi ruwa a Agusta".

Kan sashe ana sa shi tsakanin alamar daidai biyu-biyu, == Tarihi ==, ƙaramin sashe kuma uku-uku. Mahaɗi zuwa wata muƙala a ambato na farko ya isa. Shafin da kowace kalma ta koma shuɗiya ba ya karantuwa. Guji "bara", "bana", "kwanan nan" da "a halin yanzu", domin shafin zai daɗe bayan ka manta da shi. Rubuta shekarar. Adadi ma ya zo da shekararsa da tushensa: a ƙidayar 2006 Jihar Kano tana da mutum kusan miliyan 9.4.

Manazarta

Majiya tana shiga tsakanin <ref> da </ref>, bayan aya, dab da maganar da take karewa. A ciki a sa sunan marubuci, taken aikin, mawallafi, kwanan wata, da lambar shafi idan littafi ne. Saƙon WhatsApp, rubutun wani a Facebook, da wata muƙalar Wikipedia ba majiya ba ne.

Abin da ya fi ci wa masu rubutun Hausa tuwo a ƙwarya shi ne tarihin baka. Jerin sarakunan wani gari ko asalin sunan wata unguwa yana iya kasancewa a bakin dattawa, sahihi kuwa, amma muddin ba a wallafa shi ba, ba shi da wurin zama a muƙala. Dalili shi ne edita a Yamai ko Kumasi ba shi da hanyar tantance abin da kakan wani ya faɗa, kuma da an buɗe ƙofar, kowane gida zai kawo nasa jerin. Mafita ita ce a nemo inda aka riga aka rubuta: littattafan tarihi, mujallun jami'o'i, tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, ko rahotannin kafafe masu editoci irin su Aminiya da sashen Hausa na BBC.

A kan mutum mai rai, tsanani ya ninku. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan John da Robert Kennedy, rubutun ya yi wata huɗu kafin a cire. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar tarihin masu rai. Zargi marar majiya a kan mai rai cire shi ake yi nan take, ba a jiran tattaunawa.

Fassarar inji kuwa ɗanyen kaya ce. Ita ce ke mai da gaɓar kogi banki, don Turanci "bank" yake kiran duka biyun, ta kuma fara tarihin mace da "ta" ta ƙare da "ya". Karanta kowace jimla da babbar murya kafin ka wallafa; wadda ba za ka iya faɗa wa Bahaushe a baki ba, sake ta. Muƙala ɗaya mai karantuwa ta fi ashirin da aka zuba don cika lissafin gasa.

Zama da sauran editoci

Kowane gyara yana da akwatin taƙaitaccen bayani. Cika shi, ko da da kalma huɗu: "gyara shekarar haihuwa, majiya". Alamar ƙaramin gyara ta kuskuren harafi ce da makamantansa. Wanda ya share sakin layi ya ce ƙaramin gyara ne, shi ya jawo wa kansa zargi.

Saɓani a shafin tattaunawa ake warware shi, ba a jikin muƙala ba. Buɗe sabon sashe, yi sallama a taƙaice, faɗi jimlar da ake magana a kai da majiyarka, ka rufe da ~~~~, alamomi huɗu da ke sa sunanka da lokaci. Amsa tana farawa da aya biyu a tsaye, wato :, amsar amsa kuma ::, don zancen ya bi matakala. Ba a gyara kalaman wani a nan, ko da ya yi kuskuren rubutu.

Idan ka yi gyara aka mayar da shi, mataki na gaba magana ne. Mayarwa a kan mayarwa shi ake kira yaƙin gyara. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya fuskantar toshewa, wato a hana shi yin gyara, ko da shi ne mai gaskiya. Kowane harshe yana tsara dokokinsa, amma babu inda ake maraba da wannan ɗabi'a. Idan ku biyu kun kasa, a kira na uku daga zauren al'umma. Ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, hujja ake aunawa, saboda haka gayyato abokai daga wani rukunin WhatsApp su zo su ce "na goyi baya" ba ya ƙara nauyi, kamar yadda buɗe asusu na biyu don mara wa kai baya ke kai mutum ga toshewa.

Soki jimla, bar mai ita. "Wannan adadin bai dace da majiyar ba" yana buɗe magana. "Ba ka iya Hausa ba" yana rufe ta. Sabon edita da ya cika shafi da kirari galibi bai san doka ba ne, sai a gyara, a bar masa bayani mai laushi a shafinsa. Mai ɓarna da gangan daban ne: a mayar da gyaransa, a gargaɗe shi, in ya ci gaba a kai wa masu gudanarwa.

Muƙalar da ka fara ba taka ba ce, ba a sa hannu a ƙasanta, ba a kuma neman izininka kafin a taɓa ta. Rubutu a kan kanka, maigidanka ko kamfaninka ya fi kyau ka bar wa wasu, ka kawo shawara a shafin tattaunawa. Idan biyanka ake yi don gyara, sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia tun 2014 sun wajabta ka bayyana wanda ke biyan, a shafinka, a shafin tattaunawa, ko a taƙaitaccen bayanin gyaran.

Idan aka liƙa wa muƙalarka alamar gogewa, kada ka cire alamar da hannunka. Karanta dalilin da aka bayar. Sau da yawa rashin shahara ne, kuma maganinsa majiyoyi biyu ko uku masu zaman kansu da suka yi bayani mai tsawo a kan batun, ba waɗanda suka ambaci sunan kawai suka wuce ba. Sa su a muƙalar, sannan ka rubuta a wurin tattaunawar cewa ka ƙara su.