Babi na 7: Kula da Keken Dutse

Ka san keken dutse ko da ba ka taɓa hawansa ba. Shi ne mai faffaɗar taya mai haƙora, da miƙaƙƙen kai, da giya rataye a gefen ƙafar baya. Wasu samari ne a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara haɗa irinsa a shekarun 1970, domin su riƙa gangarowa daga tsauni a guje. A 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa, a 1996 kuma ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta. Can wasa ake yi da shi. A wurinmu aiki yake yi. Da shi manomi yake zuwa gona a Filato ko a tsaunukan Mubi da Michika, da shi ɗalibi yake ratsa kwazazzabo zuwa makaranta, kuma yawancin waɗanda muke saye na gwanjo ne, wani ya riga ya more su kafin su iso hannunmu.

Matsalar ita ce mun saba da Raleigh da Phoenix. Waɗannan giyarsu ɗaya ce, sarƙarsu kakkaura ce, sau da yawa ma a rufe take cikin gidanta. Ko ka yi sakaci da su za su yi haƙuri da kai. Keken dutse ya fi su iya tudu da gargada, amma ba ya jure sakaci. Sarƙarsa siririya ce, a buɗe take, tana shan duk ƙurar da ke hanya. Abin farin ciki shi ne mafi yawan kulawar da yake so, kai da kanka za ka iya yi a tsakar gida.

Sarƙa

A nan ne mutanenmu suka fi kashe kekensu, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Mutum zai je wurin mai gyaran babur ya roƙi baƙin mai, ya zo ya kwarara wa sarƙa har yana ɗiga. Ranar farko keke zai yi shiru, mai shi ya ji daɗi. To, bayan kwana biyu ka lakato abin da ke jikin sarƙar nan, ka murza tsakanin yatsunka biyu. Za ka ji gursa-gursan yashi. Baƙin mai ya riga ya zo da garin ƙarfe daga cikin inji, ga shi kuma yana kama ƙura, musamman a hunturu. Wannan baƙin kunu yana cin sarƙa da haƙoran giya kamar yadda dutsen washi yake cin wuƙa. Don Allah ka daina.

Ga yadda ake yi. Ka jingine keken, ka riƙe sarƙar da tsumma, ka juya feda baya-baya har sarƙar ta zaga sau da yawa. Idan dattin ya daskare, ka tsoma tsohon buroshin haƙori a kananzir ka goge gaɓoɓin, da haƙoran giya, da ƙananan ƙafafun nan biyu da sarƙa take bi ta cikinsu a baya, don nan ne laka take taruwa. Kada ka yi amfani da fetur, wuta ba ta da wuyar tashi. Ka bari ta bushe sarai. Sannan ka ɗiga mai, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Man sarƙa na musamman ya fi. In babu, man keken ɗinki zai yi, sai dai yana saurin bushewa, ko kuma sabon man inji ɗan kaɗan. Giris ba na sarƙa ba ne, na boris ne. Bayan ka juya feda man ya shiga ciki, sai ka sake goge sarƙar da busasshen tsumma. Man da ke cikin gaɓa shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira.

Sarƙa tana tsufa, tana ƙara tsawo a hankali. Kana iya aunawa. Ka samo awon ƙarfe irin na kafinta, domin tef ɗin tela yana miƙewa. Ka ɗora farkon awon a tsakiyar wata ƙusar sarƙa. A sabuwar sarƙa, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta wuce da 1/16 na inci, lokacin sayen sabuwa ya yi. Idan ta wuce da 1/8, ka makara, ta riga ta cinye haƙoran baya. Kullum za ka ji irin wannan zance a rumfar mai gyara:

"Baba, jiya na sa sabuwar sarƙa, amma ko na taka sai ta yi tsalle."

"Yaro, duba haƙoran nan. Ka ga yadda suka yi tsini suka karkace? Tsohuwar ce ta cinye su. Sai ka sake su duka."

Da ya sake sarƙar da wuri, da kuɗin sarƙa kaɗai zai kashe. In za ka saya, ka ƙirga fayafayan giya na baya. Masu 6 da 7 da 8 sarƙa ɗaya suke amfani da ita. Daga 9 zuwa sama kowanne da tasa, kuma ta fi siranta.

Giya

Ana sauya giya ne ƙafa tana juyawa, amma ba tare da danna feda da ƙarfi ba. Ka hango tudu, ka sauya tun kafin ka kama shi. Wanda ya bari sai yana tsakiyar hawa, yana tsaye kan feda, sannan ya murɗa giya, shi ne sarƙarsa take tsinkewa. Kada kuma ka haɗa babban faifan gaba da babban faifan baya, ko ƙarami da ƙarami, domin sarƙa tana karkacewa.

Idan za ka kwantar da keke, ka kwantar da shi ta hagu. Giya a dama take, kuma ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita laushi gare shi. Ranar kasuwa in za a ɗora keken a saman mota, ka tsaya ka ga yaron mota ya sa ɓangaren giya a sama, bai kuma ɗora buhu a kansa ba. Idan ƙarfen nan ya lanƙwasa, giya tana iya faɗawa cikin wayoyin ƙafa kana cikin tafiya.

Taya da faci

A gefen kowace taya akwai rubutu, kuma karatunka zai yi maka amfani a nan. Za ka ga lamba kamar 26 x 1.95. Ta farko girman ƙafar ce, ta biyu faɗin tayar. Girman da aka fi gani shi ne 26, amma akwai 27.5 da 29, kuma ba sa shiga wa juna. Ka rubuta taka a takarda kafin ka tafi kasuwa. Ka duba bawul ma, domin iri biyu ne: mai kauri irin na babur, da siriri mai ɗan noti a kai wanda sai an kwance shi kafin iska ta shiga.

Akwai kuma lambar iska, kusa da haruffan PSI. Kada a wuce babbar lambar. Injin mai faci na mota ne, cikin ƙiftawar ido yake cika tayar keke, don haka ka ce masa ya bi a hankali. Taya mai tauri da yawa tsalle take yi a kan duwatsu, ba ta kama ƙasa. Mai laushi da yawa kuma, in ta daki dutse, ƙarfen ƙafa yana matse tib ya huda shi wuri biyu gefe da gefe. In ka ga huji biyu a jere, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne.

Ƙaya kuwa ba ta ƙarewa a ƙasarmu, tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. In ka yi faci a daji, ka ciro tib ɗin, ka ba shi iska, ka kara shi kusa da leɓenka ko ka tsoma a ruwa har ka gano hujin. Ka kankare wurin da sanfefa, ka shafa sholisho siriri, ka jira ya daina sheƙi kafin ka manna faci. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya ɗaye. Kafin ka mayar da tib, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali, zagaye ɗaya cikakke. Sau da yawa kan ƙayar yana nan a maƙale, ɗan tsini da ido ba ya gani, sai yatsa ya ji. In ka bar shi, ba za ka yi nisa ba za ka sake zama gindin bishiya.

Birki da gangara

Da farko ka san wane hannu ne na gaba. Kekunan da suka fito daga Ingila birkin gabansu a dama yake, na Amurka da yawancin Turai kuma a hagu. Tunda gwanjo daga ko'ina yake zuwa, ka gwada kana tsaye a ƙasa kafin ka hau.

Birki iri biyu ne. Akwai mai roba biyu da ke matse bakin ƙafa, akwai mai faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafa. A na roba, idan tsagin da ke jikin robar ya shafe, ka sake ta, ka kuma tabbata ba ta gogar taya. A na faifai, kada mai ya taɓa faifan ko kaɗan, ko na yatsanka bayan ka gama da sarƙa. In ya taɓa, birkin zai yi ta kuka ba ya kamawa. Wasu masu faifai da waya suke aiki, wasu da mai. Masu mai ɗin ma iri biyu ne, kuma an rubuta irin man a kan murfin. In an zuba wanda ba nasa ba, robobin ciki suna lalacewa. Wannan aiki ka bar wa wanda ya sani.

A gangara ake samun mummunan rauni. Ka ɗaga daga sirdi, ka ja jikinka baya kaɗan, ka sassauta gwiwa da gwiwar hannu, feda biyu su yi daidai da juna don kada ɗaya ta daki dutse. Ka matsa birki biyu tare a hankali. Fizgar na gaba shi kaɗai yana jefa mutum ta saman kan keke, na baya shi kaɗai kuma jan ƙasa yake yi. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Ka kalli inda kake son bi, domin keke yana bin ido: wanda ya ƙura wa dutse ido, dutsen zai daka. A doguwar gangara faifai yana yin zafin da zai ƙone fata, kada ka taɓa. Da damina birkin roba ba ya kamawa nan take, sai ka fara matsawa da wuri. Idan wuri ya fi ƙarfinka, ka sauka ka tura. Babu abin kunya a ciki.

Sirdi, sutura da kaya

Ka hau, ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa. In ƙafarka ta miƙe daidai, tsayin sirdi ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa yana kawo ciwon gwiwa. Amma a jikin sandar sirdi akwai layi, kada a ɗaga ta ya fito waje.

Hular kwano ta keke ba ta da nauyi, tana da ƙofofin iska. Ka sa, ka ɗaure igiyarta. Na san za a yi maka dariya a unguwa, amma kan da ya bugi dutse ba ya gyaruwa kamar ƙafar keke. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki. Silifas yana zamewa daga feda, takalmi rufaffe ya fi. Ka naɗe ƙafar wando ta dama, ka tattare riga in mai tsawo ce. A jaka ka riƙe famfo, da faci da sholisho, da alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance kusoshin keke) mai lamba 4 da 5 da 6, da gorar ruwa. In dare zai riske ka, fitila gaba, ja a baya.

Keken dutse ba na dakon buhun masara ba ne. Da yawa jikinsu na alminiyam ne. Ka kara maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne, in bai kama ba, wataƙila alminiyam ne, kuma in ya tsage mai walda na bakin titi ba zai iya ɗinke shi da waldar da ya saba ba. Ka riƙa duba mahaɗan jikin keken, musamman kusa da wuya. In ka ga tsaga, kada ka sake hawa. Wajen wanki, bokiti da soso sun isa. Kada ka nutsa shi a rafi, kada a fesa masa injin wankin mota, ruwa yana korar giris daga boris.

Aikin yi

A darasi na gaba, wanda yake da keke ya zo da shi. Kowa ya karanta lambobin da ke gefen taya da babbar murya, ya rubuta su a littafinsa. Ku ƙirga fayafayan baya. Ku auna sarƙa, ku rubuta ko ta wuce inci 12. Ku ɗaga ƙafar gaba ku juya ta, ku matsa birki, ku gano wane hannu ne ya tsayar da ita. Sannan ku amsa a rubuce: me ya sa ake goge sarƙa bayan an sa mata mai? Idan ka ga huji biyu a jere a jikin tib, me ya jawo shi?