Yadda ake dama kunun 'ya'yan itace irin na Suwidin a lokacin sanyin Jos

A Suwidin sunansa blåbärssoppa, wato miyar buluberi (wasu ƙananan 'ya'yan itace masu launin shuɗi-baƙi), amma duk wanda ya gan shi a kofi zai ce kunu ne. Yana da ɗan kauri, launinsa ja ne mai duhu sosai, kuma ana shansa da ɗumi ko da sanyi. Shi ake miƙa wa 'yan tseren ƙanƙara na Vasaloppet, mai nisan kilomita 90 daga Salen zuwa Mora, wanda aka fara a 1922, don yana ɗumama jiki kuma ba ya yi wa ciki nauyi. Hunturun Jos na Disamba da Janairu ya dace da shi, ga shi lokacin ne sitiroberin Filato ke cika kasuwa.

Buluberin da mutanen Suwidin suke tsinka a dazukansu baƙi ne har cikinsa, mai tsami. Wanda ake samu a daskare a manyan kantunan Abuja cikinsa fari-fari ne, don haka sai an taimaka masa da ruwan rabin lemon tsami. In babu buluberin, uwargida ki yi da sitiroberi, ki haɗa da busasshen zoɓo kamar cokali biyu, shi zai ba ki launin da tsamin.

Ga kofi huɗu, ki tanadi 'ya'yan itace giram 500, ruwa lita 1, sukari babban cokali 4, sitacin dankalin Turawa babban cokali 2, da ɗan karan kirfa idan kina so. Ki guji tukunyar dalma, tsami na cinta, launin ya dushe.

Sitacin ba sai kin nema a kanti ba. Ki feraye manyan dankali huɗu, ki goge su da magogi a cikin ruwa, ki matse da ƙyalle mai tsabta, ki bar ruwan ya kwanta minti 20. Idan kin tsiyaye na sama za ki ga farin gari ya daskare a gindin kwano, har yana ƙara idan kin taɓa shi da cokali. Ki sake ɗauraye shi sau ɗaya don warin ɗanyen dankali ya fita.

Ki wanke 'ya'yan itacen, ki zuba su da ruwa da sukari da kirfa, su tafasa minti 10 a wuta matsakaiciya. Ki murƙushe su da bayan ludayi, sannan ki tace idan ba kya son ƙwayoyin. Ki ɗanɗana yanzu, domin gyaran zaƙi ya fi sauƙi kafin a ɗaure shi.

Wajen ɗaurin ne ake yawan ɓata shi. Ki dama sitacin da ruwan sanyi cokali 4 har ya narke. Ki sauke tukunyar daga wuta tukuna, sannan ki riƙa tsiyaya shi siriri kina juyawa da ɗaya hannun. Idan kin zuba yana tafasa, ko kin dama da ruwan zafi, gudaji zai yi, kuma ba ya murjewa. Ki mayar kan wuta, ki tsaya a kansa. Da kin ga kumfar farko ta fashe a tsakiya, ki sauke. Sitacin dankali ba ya son dogon dahuwa: idan ya ci gaba da tafasa sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, daga baya ya tsinke. Idan kuwa da garin sitacin masara na kanti kika yi, shi sai ya tafasa minti 2, in ba haka ba za a ji gari-gari a baki, kuma ba zai yi sheƙi kamar na dankali ba.

Ki barbaɗa ɗan sukari a samansa don kada ya yi fata. Wanda zai kai shi wurin aiki da asuba, a fara ɗauraye filas da ruwan zafi kafin a zuba. Ragowar yana kwana uku a firji. Zai ƙara kauri, sai ki ɗan sassauta shi da ruwa, ki ɗumama a ƙaramar wuta ba tare da ya tafasa ba.