Yadda Ake Kare Ƙaramin Injin Iska Daga Lalacewa a Kaduna

Yawan ɗaukewar wuta ya sa wasu masu gonaki da gidaje suna tambaya game da ƙananan injinan da ke samar da lantarki da ƙarfin iska, irin waɗanda ake kafawa a kan dogon turke su riƙa cajin batir. Injin yana aiki, amma akasarin lalacewar da ke samunsa tun ranar kafawa ake jawo ta, shi ya sa matakan farko suka fi nauyi.

Mataki na farko shi ne a tabbatar akwai iskar kafin a fitar da kuɗi. Yawancin injinan ba sa fara ba da wuta sai gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma ba sa kai ƙarfin da aka rubuta a kwalinsu sai wajen mita 11 ko 12. Idan gudun iska ya ragu da rabi, ƙarfinta kashi ɗaya cikin takwas ne yake saura. Injin da aka rubuta masa wat 1,000 a iska mai gudun mita 12, in iskar ta koma mita 6, abin da zai bayar bai wuce kimanin wat 125 ba. Akwai taswirar iska ta kyauta a intanet mai suna Global Wind Atlas, wadda Bankin Duniya da wata jami'ar fasaha ta ƙasar Denmak suka samar, kuma ana iya duba kowane yanki a kanta. Wanda gidansa ke tsakiyar cunkoson Tudun Wada ko Rigasa, inda gine-gine da bishiyoyi suka tare ko'ina, gara ya zuba kuɗinsa a sola. Injin iska ya fi dacewa da fili ko tudu a wajen gari.

Na biyu shi ne turke. Kada a ɗora injin a kan rufin kwano, domin iskar da ke bugun gini tana murɗawa, ta riƙa jujjuya kan injin dama da hagu, boris ɗin da sandar tsakiya ke juyawa a kansa ya ci da wuri, girgizar kuma ta shiga bango. Ƙa'idar da masu kafawa ke bi ita ce fukafukan su ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin tazarar mita 150 da aƙalla mita 9. Masu walda na Panteka suna iya haɗa turken, amma a ce musu su yi masa mahaɗi mai lanƙwasawa a gindi yadda za a riƙa kwantar da shi ƙasa, a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta kusurwa huɗu. Ko injina 37 masu ƙarfin kilowat 275 da aka kafa a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, a tashar mai megawat 10, irin waɗanda ake kwantarwa ne. Injin da sai an hau sama kafin a duba shi, a gaskiya ba a cika duba shi ba.

Na uku, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna, shi ne kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir. Farantin sola in batir ya cika ana yanke shi ne kawai, ba abin da zai same shi. Injin iska kuwa in aka yanke shi alhali iska na kaɗawa, sai ya rasa abin da ke riƙe shi, ya yi ta gudu fiye da ƙima har naɗin wayar ciki ya ƙone ko fiffike ya tsinke ya yi jifa. Saboda haka ba a haɗa shi da kwantirolar sola. Tasa daban ce, tana da wata na'ura da ke karɓar rarar wuta ta mayar da ita zafi idan batir ya cika. A kafa wannan na'ura nesa da katako ko labule, domin tana ɗaukar zafi sosai. A kuma sa makunnin birki, wanda ke haɗe wayoyi ukun da suka sauko daga injin wuri guda, fukafukan su yi nauyi su tsaya. Ana danna shi ne tun hadari yana haɗuwa, ba bayan guguwa ta iso ba.

Na huɗu, tsawa. Dogon ƙarfe a fili abin da aradu ke nema ne, don haka a haɗa turken da wayoyin ɗaurinsa da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa mai laima, a kuma sa abin kare na'urori daga tsallen wuta kafin kwantirola da inbata.

Na biyar shi ne dubawa, kuma yanayinmu ne ya tsara lokacinta. Hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana kawo iska mai amfani, amma ƙurarsa tana goge bakin fukafukai tana shiga boris. Guguwar farkon damina a Afrilu da Mayu ita ke gwada ƙarfin turke. Watan Maris ke nan ya fi dacewa a danna birki, a kwantar da injin, a saki birkin a juya fukafukan da hannu. In an ji ƙarar gurza kamar yashi a cikin turmi, ko sandar tsakiya tana wasa gefe da gefe, boris ya tafi, a canza shi, kada a yaudari kai da ƙarin giris. A bi kowane fiffike da yatsa tun daga gindi, inda tsaga ke farawa. Idan ɗaya ya lalace a canza dukansu tare, domin bambancin nauyi kaɗan yakan girgiza injin har notuna su kwance. A ɗaure notuna da sifana, a duba tsatsa a wayoyin ɗauri, a ja waɗanda suka saki. Injin da ya yi nauyin juyawa ba tare da an danna birki ba, sau da yawa wayoyinsa ne suka haɗu a wani wuri ko kwantirola ta ƙone.

Mataki na ƙarshe shi ne kada a dogara da iska ita kaɗai. Manyan injinan tashoshi suna cikin ƙoshin lafiya fiye da kashi 95 cikin ɗari na lokaci, amma duk da haka abin da suke bayarwa a shekara a doron ƙasa, ba a teku ba, bai cika wuce kashi 25 zuwa 40 na cikakken ƙarfinsu ba, saboda iska ba kullum take kaɗawa ba. Ƙaramin injin gida yakan gaza haka. A haɗa shi da farantan sola a kan batir guda, kowanne da kwantirolarsa, a kuma sa mita a riƙa rubuta abin da injin ya bayar kowane wata. Idan adadin ya faɗi a watan da iska ba ta ragu ba, a kwantar da turken a duba tun kafin lokacin dubawa ya zo.