Yadda Ake Zaɓen Filtar Iska Ga Mota Mai Turbo A Zariya

Duk wanda yake da mota mai turbo a Zariya, ko Golf GTI ce, ko Mercedes C300 ƙirar 2015 zuwa sama, ko Honda Civic mai injin lita 1.5, ya kamata ya fara da tambayar yawan ƙurar da sabuwar filta za ta tare, kafin ya zo kan yawan iskar da za ta bari ta wuce. Dalili kuwa shi ne, abu mai juyi na farko da iska take tararwa bayan ta wuce filta shi ne fankar turbo, wadda galibi da alminiyam ake yin ta, kuma takan yi juyi sama da 150,000 a cikin minti guda idan an taka mota. A irin wannan gudu, ƙurar da ido ba ya gani ma tana cin bakin fankar a hankali, sannan ta wuce ta goge zoben fistin. Kowane kilo guda na fetur yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone daidai, turbo kuma aikinsa ƙara cusa iskar ne, saboda haka ƙurar da ke neman shiga ta fi ta injin da ba shi da turbo. A haɗa wannan da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kwaso ƙura mai laushi tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Kafin a tafi shagon kayan gyara a Sabon Gari ko Tudun Wada, a cire tsohuwar filtar a duba lambar da ke jikinta, a kuma rubuta lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, domin motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta a inji.

Daga nan sai zaɓen iri. Filtar takarda, irin wadda ta zo da motar daga kamfani, ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane, kuma kamfanoni irin su Mann, Mahle, Bosch da Denso suna yin ta. Akwai ta auduga da ake shafa wa mai, wadda kamfanin K&N ya yi suna a kanta, ana wanke ta a mayar, kuma tana barin iska ta wuce sosai. Sai dai man ne yake kama ƙurar, idan ya bushe ƙura ta samu hanya, idan kuma aka cika shi yana iya ɓata siririyar wayar na'urar auna iska da ke bayan filta a motoci da yawa, sai mota ta fara shan mai, tana kakkatsewa, fitilar inji ta kama. A ganina, wanda ba zai iya kula da wankinta da shanyarta da auna man da ake shafa mata ba, gara ya haƙura da ita. Wanda yake son wadda ake wankewa zai iya neman busasshiya ta zaren roba, wadda ba ta bukatar mai.

Ita kuwa filta mai siffar mazurari da samari ke so saboda ƙugin da take sa inji ya yi, idan aka bar ta a fili kusa da inji iska mai zafi za ta riƙa zuƙa, alhali iska mai sanyi ce ta fi ba da ƙarfi, balle a zafin Afrilu. Idan kuma aka saukar da ita ƙasa bayan bamba, ruwan da ke kwanciya a titi a watan Agusta yana iya shiga, kuma ruwa a cikin silinda yana lanƙwasa sandar fistin nan take. A motar da ba a taɓa kwamfutarta ba, ƙarin ƙarfin da ake samu daga irin wannan filta kaɗan ne ƙwarai.

Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka kada kwali ya ruɗi mai saye. A fito da filtar a ɗora ta kan tsohuwar, a ƙirga ninkin takardar, domin ta jabu ninkinta kaɗan ne kuma tazararsa ba daidai ba ce. A ɗaga ta a hasken rana a ga ko akwai huji ko inda gam bai kama ba. A danna robar gefenta da yatsa, mai kyau tana da taushi kuma tana dawowa, domin wannan robar ce ke hana ƙura bi ta gefe.

Wajen sakawa, a goge cikin akwatin filtar da tsumma mai ɗan danshi, a tabbatar kowane maƙalli ya kama, sannan a shafa yatsa cikin bututun da ke zuwa turbo. Idan yatsa ya fito da ƙura, to akwai inda iska ke satar hanya, ko ta tsagewar bututu ko ta zoben ɗauri da ya saki, kuma sai an gyara wurin kafin sabuwar filta ta yi amfani.

Littattafan motoci da yawa suna ba da tazarar kilomita 15,000 zuwa 30,000, kuma su kansu sukan ce a rage idan ana bin hanya mai ƙura. A nan ya fi kyau a duba filta duk lokacin da aka yi juyen mai, a sa sabuwa da zarar hunturu ya wuce. A kuma guji kai ta wurin mai faci ya busa mata iska mai ƙarfi, domin hakan yana buɗe ƙofofin takardar, sai ta yi fes a ido alhali ta daina tare ƙura mai laushi.