Yadda za ka koyar da ɗalibai tarihin ƙwace ƙasa a Latin Amurka

Ɗalibanmu na Kano in sun ji mulkin mallaka, 1903 ke zuwa ransu: Turawa sun ci gari, sun naɗa sarki, sun ɗora haraji, a 1960 sun tattara nasu-ya-nasu. Gonar kaka tana nan hannun jika. Saboda haka, malam, kafin ka kai su ƙasashen da Sifaniya da Fotugal suka mallaka, raba musu baƙo gida biyu: wanda ya zo mulki, da wanda ya zo kaka-gida. Na biyun ƙasar yake so. Mai ƙasar kuwa ko ya koma lebura a gonarsa, ko a kawar da shi.

Ni da allo nake farawa. Zana Tekun Atlantika, ka ja layi daga sama zuwa ƙasa. Yarjejeniyar Tordesillas ke nan ta 1494: yamma ta Sifaniya, gabas ta Fotugal. Dalilin da ya sa Brazil ke jin harshen Fotugal ke nan. Tambaye su wa aka shawarta cikin masu ƙasar.

Daga nan sai darasin da ba ya barin kowa gyangyaɗi. A 1513 Sifaniya ta rubuta sanarwar da ake kira Requerimiento, ana karanta wa 'yan asali da Sifaniyanci cewa su miƙa wuya, in sun ƙi alhakin yaƙi a wuyansu. Ka sa yaro mai jin Barbarci ko Fulatanci ya tsaya bakin ƙofa ya yi sanarwa da harshensa. Da ya gama, ka ce tunda 'yan layin gaba ba su amsa ba, bencinsu ya zama nasa. Ajin zai kaure da "Wallahi malam ba mu ji me ya ce ba!" Bar su su huce, sannan ka ce haka aka yi.

Kada ka tsaya nan, don a ganina mafi ciwon yana gaba. Samun 'yanci bai mayar wa 'yan asali komai ba, jikokin baƙin ne suka karɓi ragama. A 1850 Brazil ta yi dokar cewa ƙasar gwamnati ba ta samuwa sai da saye. A 1856 Meksiko ta yi dokar Lerdo da ta wargaza filayen da ƙauyuka suka mallaka a dunƙule, akasari suka faɗa hannun masu manyan gonaki. Ajantina kuwa soja ta tura ƙarƙashin Janar Roca daga 1878 zuwa 1885, aka fatattaki 'yan asalin ƙabilar Mapuche da maƙwabtansu, aka raba ƙasar ga masu kiwo. Yaƙin cin hamada suka kira shi, alhali cike take da mutane.

Kai su har yau. Tsarin mulkin Brazil na 1988 ya amince da haƙƙin 'yan asali kan ƙasarsu, amma masu gonaki suka dage sai wanda yake zaune a wurin a ranar da aka kafa tsarin mulkin. Kotun ƙoli ta yi watsi da hujjar a 2023, majalisa kuwa ta mayar da ita doka a wannan shekarar.

Aikin gida kuma, kowa ya tambayi tsohon gidansu ko dagaci yadda ake sanin iyakar gona in babu takarda: kuka ce, burtali ne, ko shaidar dattawa. Su rubuto shafi ɗaya, ka gargaɗe su kada su ce namu da nasu ɗaya ne.