Yadda Mai Son Shirya Fim Zai Yi Karatu da Biro a Hannu

Matashin da ke sha'awar shirya fim yakan fara tara kuɗin kyamara tun bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, kuma a ganina wannan ne ya sa ake samun finafinai masu kyawun hoto amma maganganun jaruman ba su da gishiri. Ya kamata a tuna cewa Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, littafi ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun a shekarun 1930.

Ka zaɓi gajeren littafin labari, ka karanta shi karon farko don jin daɗi kawai. A karo na biyu sai ka riƙe biro, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da kyamara ba za ta iya ɗauka ba. Idan marubuci ya ce yarinya ta shiga damuwa, wannan magana ce ta zuci, don haka aikinka shi ne ka nemo mata hoto: ga ta zaune gaban murhu da muciya a hannu, tuwo yana ƙonewa ba ta ji ƙauri ba, har sai da mahaifiyarta ta ƙwala mata kira daga ɗaki. Ka riƙa yin wannan a shafi ɗaya kullum.

Hirarrakin kuma ka karanta su da murya, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake. A nan ne za ka lura da alkunya, kamar yadda uwa take kauce wa ambaton sunan ɗanta na fari.

Mai koyon harshen Hausa ma wannan hanya za ta yi masa amfani, sai dai kada ya tsaya a kan kowace baƙuwar kalma. Ya kai ƙarshen shafi tukuna, sannan ya zaɓi biyar ya duba a ƙamus, kamar wanda Jami'ar Bayero ta wallafa a 2006, ya kwafe jimlar da kowace kalma ta fito a ciki gaba ɗaya. Da yake rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kalmar "fari" tana iya nufin launi ko rashin ruwan sama, saboda haka ya nemi Bahaushe ya zauna ya saurare shi yana karantawa, ya gyara masa furuci.