Darasi na Tara: Sauya Gas da Batir a Motar Tafi-da-gidanka

Motar tafi-da-gidanka mota ce da aka yi wa ɗaki a baya, da gado da wurin girki da firij da tankin ruwa. Ta fi yawa a Turai da Amurka da Ostireliya, inda mutum kan kwashi iyalinsa su yi makonni a bakin teku ko gindin dutse, nesa da wayar lantarki. A irin wannan mota gas ne ke yin aiki huɗu: girki, sanyaya firij, dafa ruwan wanka, da ɗumama ɗaki. A lura, iskar gas ta girki muke nufi. Man da direbobinmu ke kira gas, a darasin nan dizal za mu ce masa, don kada a rikice.

Masu son rabuwa da gas suna da hujja. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya jira tartsatsi. Kilo ɗaya in ya ƙone yana sakin tururin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi, shi ne raɓar da ke jiƙa gilashi da katifa. Ga kuma wahalar cika tukunyar gas, domin bakin tukunyar Jamus daban, na Faransa daban, na Ingila daban.

Lissafi kafin saye

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi yunit ne, irin wanda ake saye a mitar wuta. Yunit ɗaya shi ne na'ura mai wat 1000 ta yi aiki awa ɗaya. In wat 500 ce, sai ta yi awa biyu kafin ta cinye yunit guda.

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai yunit 13. Tukunya mai kilo 11, irin wadda aka fi sa wa motocin Jamus, ta haura yunit 140 ke nan. Batirin litiyam kuwa, wanda aka rubuta wa LiFePO4 12.8V 100Ah a jiki, ana gane abin da ke cikinsa ta ninka 12.8 sau 100, a sami 1280, wato yunit 1.28. Sai an jera batir fiye da ɗari kafin su kamo tukunya guda. Duk wanda ya ce maka batir zai maye gurbin gas kai tsaye, bai yi wannan lissafin ba.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa abu biyu ne. Murhun gas yana watsar da kusan rabin zafinsa ta gefen tukunyar girki, shi kuwa murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa yake zuba wa abinci. Sannan tukunyar gas in ta ƙare ta ƙare, batir kuwa kullum rana da injin mota suna sake cika shi. Saboda haka abin lissafawa shi ne cin yini guda. Ga misali na mutum biyu:

Girki da shayi: yunit 1.2
Firij: 0.5
Ruwan zafi lita 10: 0.6
Fitilu, fanka, famfon ruwa, cajin waya: 0.3
Abin da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida) ke ci da kanta: 0.3

Jimla 2.9, a ce yunit 3. Batir uku, wato 300Ah, yunit 3.84 ne, in ka bar masa ɗan saura a ƙasa da ƙyar zai kai ka gobe. Batir huɗu sun ba da 5.12, yini ɗaya da rabi ba tare da caji ba. Batir huɗun muke ba da shawara ga wanda zai cire murhun gas gaba ɗaya. Batirin ruwa irin na da ba ya wannan aiki: rabin abin da ke cikinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, nauyinsa kuma ya ninka na litiyam. Nauyi kuwa ba wasa ba ne, don a Turai lasin ɗin tuƙi na gama-gari bai yarda a tuƙa motar da ta wuce kilo 3,500 ba, har da ruwa da kaya da mutane.

Ɗumama ɗaki: nan batir ya gaza

Hita mai wat 1000 in ta kwana tana aiki awa 8 ta cinye yunit 8. Ya fi duk abin da ke cikin batir huɗun nan, kuma lokacin hunturu ne, sa'ad da rana ba ta da ƙarfi. Kada ma a gwada. Abin da masu wannan zama ke yi shi ne su sa hitar dizal, irin ta Webasto ko Eberspächer, a ja mata siririn bututu daga tankin motar. Lita ɗaya ta dizal kusan yunit 10 ce ta zafi, ƙaramar hita mai wat 2000 kuma ba ta wuce rubu'in lita a awa. Daga batir tana jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) 8 zuwa 10 na 'yan mintoci wajen tashi, daga nan ta sauka zuwa 1 ko 2.

Abu uku ke ɓata ta. In kullum a ƙasa-ƙasa ake barinta, baƙin hayaƙi kan toshe cikinta, don haka a riƙa buɗe mata wuta sosai na rabin awa lokaci zuwa lokaci. In aka yanke mata wuta tana da zafi, fankarta ba za ta sami damar huce ta ba, kayan cikinta su ƙone, don haka a kashe ta da makunninta a jira ta yi shiru. Salansarta kuma dole ta fita waje, nesa da taga. A rataya na'urar ƙararrawa mai gano hayaƙin da ba ya wari kusa da gado.

Firij da murhu

Tsohon firij ɗin irin waɗannan motoci da zafi yake aiki, ko na harshen gas ko na lantarki. In ka ɗora shi a kan batir zai riƙa jan amfiya 10 ko fiye ba tsayawa, yunit 3 a yini shi kaɗai. Cire shi za a yi a sa mai kwamfireso na bolt 12, wanda ke tashi ya huta. A bar masa sarari a baya don iska ta ratsa.

Murhun maganaɗisu ba ya karɓar kowace tukunya. Ɗauki mayen ƙarfe ka manna a gindinta. In ya kama, za ta yi. Tukunyar alminiyam ba ta kamawa, murhun zai yi ta ƙara ya ƙi tashi. Tafasa lita ɗaya ta ruwa yana cin kamar kashi ɗaya cikin takwas na yunit. Abin da ke kashe batir shi ne dogon dahuwa, irin na wake ko ganda. A jiƙa wake tun dare, a dafa a tukunyar matsi, da zarar ta tafasa a rage wuta zuwa wat 500, kuma kada a bar tukunya ba murfi.

Inbata da waya: a nan gobara ke farawa

Murhu wutar gida yake so, bolt 230, batir kuwa bolt 12 yake bayarwa. Inbata ce ke juyawa. A sayi mai wat 3000, ko aƙalla 2000 in murhu mai kai ɗaya ne, kuma mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta gida. Mai arahar nan da ke sa fanka gurnani tana lalata murhun maganaɗisu.

Yanzu duba abin da ke bi ta waya. Murhu mai wat 2000, in aka raba da bolt 12 aka ƙara asarar inbata, yana jan amfiya 180 ko fiye daga batir. A cikin kowane batirin litiyam akwai ɗan allo mai gadi da ake kira BMS, kuma a yawancin masu 100Ah iyakarsa amfiya 100 ce. Shi ya sa wanda ya sayi batir ɗaya zai ga komai lafiya har ya ɗora tukunya, sai wuta ta ɗauke ɗif. Batir bai lalace ba, mai gadin ne ya rufe ƙofa. Batir biyu a haɗe, jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, sun ba da 200, huɗu sun ba da 400. Kafin a haɗa su, su zama iri ɗaya, a cika kowanne daban, wayoyin tsakaninsu kuma tsawonsu ɗaya. A ɗauki jan waya daga batirin farko, baƙar daga na ƙarshe, don kada guda ya riƙa ɗaukar nauyin sauran.

Wayar da ke tsakanin batir da inbata mai wat 2000 ta zama ta jan ƙarfe zalla, mai kauri 70mm², kamar ɗan yatsa, kuma kada tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi. A kan jan wayar, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba, a sa fis mai amfiya 250. Inbata mai wat 3000 tana son 95mm² da fis mafi girma, a bi abin da takardarta ta ce. Fis waya yake karewa: in jan waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batirin litiyam zai tura dubban amfiya nan take, kuma fis ne kaɗai zai tsinke kafin waya ta yi ja. Bayan fis sai babban makunni na kashe komai.

Kan waya a matse shi da injin matsewa, ba da guduma ba. Wajen ɗaurewa, kan wayar ya kwanta a jikin kan batir kai tsaye, wosha a samansa, sannan noti. Wosha in ta shiga tsakani, ko noti ya yi sako-sako, wurin zai riƙa zafi. A amfiya 180 ɗan sakacin da ido ba ya gani yana haifar da zafin wat 30 a wuri kamar ƙwayar gyaɗa, har robar waya ta yi baƙi ta fara wari. Gwajin mai sauƙi ne: kunna murhu minti goma, kashe, ka bi mahaɗan gefen batir ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, kwance shi ka gyara. Mota tana girgiza, don haka a sake bin notuna da sifana bayan tafiyar farko. A cire agogo da zobe kafin a taɓa, a naɗe hannun sifana da tef.

Wanda zai fara daga tushe, ya duba tsarin bolt 24. Amfiya na raguwa da rabi, waya ma ta rage kauri. Ɓangaren bolt 230 kuwa aikin ƙwararren mai wayarin ne, kuma dole a sa makarin da ke yanke wuta in ta bi jikin mutum, mai lamba 30mA. In ba a girki a kashe inbata, don tana cin wat 15 zuwa 30 a banza, rabin yunit a kwana.

Mai da abin da aka ci

Rufin mota yakan ɗauki farantan sola na wat 400. Da bazarar Turai suna ba da yunit ɗaya da rabi zuwa 2 a yini, a Disamba kuwa a Ingila ba sa kai kashi ɗaya cikin biyar na hakan. A haɗa su ta na'urar caji mai MPPT, a saita ta a kan litiyam, bolt 14.2 zuwa 14.4. Batir ake fara haɗa mata, sannan faranti.

Hanya ta biyu injin mota ne, amma kada a ja waya daga altaneta, wato na'urar da ke yi wa batirin mota caji, zuwa litiyam kai tsaye. Litiyam mayunwaci ne, zai zuƙi duk abin da altaneta ke iya bayarwa har ta ƙone, musamman in mota na tsaye inji na aiki a hankali. A sa cajar DC-DC a tsakani, wadda ke iyakance abin da batir ke ja daga altaneta. Mai amfiya 30 tana zuba kamar yunit 0.4 a kowace awa ta tuƙi, mai 50 kuma kusan 0.7.

Litiyam ba a yi masa caji in sanyi ya kai maki sifili, ɓarnar ba ta gyaruwa. A ajiye shi cikin ɗaki, ƙarƙashin kujera, a ɗaure shi tamau. Mai yin irin wannan haɗi a shago ko ɗaki a ƙasashenmu, zafi ne abokin gabarsa: sama da maki 45 ma ba a son caji, don haka a nisanta shi da kwanon rufi da jikin inji. Kada kuma a dogara da bolt don sanin saura, litiyam kan tsaya a wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa. A sa mitar ƙirga amfiya a kan baƙar waya, duk wata baƙar waya ta bi ta cikinta.

Cire gas shi ne aikin ƙarshe, bayan an yi mako biyu ana girki da batir an ga ya riƙe. A rufe tukunya, a kunna murhu har ragowar gas ɗin cikin bututu ya ƙone, a fitar da tukunya, mai aikin gas ya toshe bakin bututun. In an bar gas don abu guda, kamar dafa ruwa, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a duba kumfa, kuma kada a toshe ramin da ke ƙasan akwatin tukunya, ta nan yoyo ke zurarewa waje. Batir ko inbata ba sa shiga akwati ɗaya da gas.

Aikin gida

1. Butar lantarki mai wat 1500 ta yi aiki minti 20 a yini. Yunit nawa ta ci?
2. Batir biyu masu 12.8V 200Ah, yunit nawa ke cikinsu?
3. An ci yunit 3, sola ta mayar da 1.8. Awa nawa za a yi tuƙi da caja mai amfiya 30 kafin a cike giɓin?